Yadda za ka sa jami'a ta lissafa maka horon fili a karatun lafiyar al'umma

Wata huɗu na yi ina zuba kulorin a ruwan Gadarif da ke gabashin Sudan, daga Oktoban 2023 zuwa Janairun 2024, kuma ko sa'a ɗaya daga ciki ba ta shiga takardar sakamakona ba. Da wannan zan fara, domin ina ganin ƙannenmu da yawa masu karatun lafiyar al'umma sun kama hanyar da na bi, suna aiki tuƙuru a sansanonin waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu, da tunanin cewa ranar da suka kai labari jami'a za a lissafa musu.

Ina aji huɗu a wata jami'a a Hartum yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Na dawo gida Gadarif da 'yar jakar baya, littattafaina duk suna can. A ƙarshen Satumba aka sanar da ɓullar kwalara a jihar, ga zazzaɓin dengi yana kwantar da mutane gida-gida. Ba wanda zai zauna yana kallo. Na shiga cikin matasan unguwa masu aikin sa kai, muna bin wuraren ɗiban ruwa, muna feshi a gidan da aka ɗauki mara lafiya, muna koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari, fakiti ɗaya a lita ɗaya. Da Wad Madani ta faɗi a Disamba mutane suka kwararo, aikin ya ninka. Daga baya jami'armu ta dawo da karatu ta intanet, na duba sauran abin da ya rage mini, na ga kwas ɗin horon fili yana ciki. Na kira shugaban sashenmu ta WhatsApp da farin ciki, na zayyana masa duk abin da na yi.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Ɗana, ban ce ba ka yi aiki ba, Allah ya saka maka. Amma wa ya tura ka? Wa ya duba ka? Me zan ajiye a gaban majalisar kwaleji?"

Na ce, "Dokta, ina da hotuna."

Ya ce, "Hoto yana nuna ka je wurin. Ba ya nuna abin da ka koya."

Na kwana biyu raina a ɓace. Daga baya na gane gaskiyarsa, kuma tambayoyin nan uku su ne duk abin da zan faɗa a nan. Na sake horon daga farko a daminar 2024, bisa tsari, ya shiga takarda. Ga yadda aka yi.

Fara da sanin me ake nufi da abin da kake nema. A jami'o'in Sudan ana kiransa sa'a mu'tamada, 'yan'uwanmu ɗaliban Najeriya suna cewa kiredit ko yunit. Asalinsa lacca ce ta awa ɗaya kowane mako har ƙarshen zangon karatu, kusan mako 15. Aikin ɗakin gwaji ko na fili ba a lissafa shi awa da awa, sai ka yi awa biyu ko uku kafin a ƙirga maka ɗaya, horon da ake fita gaba ɗaya kuwa sashe ne ke yanke yawan makonninsa. A namu sashen kwas ɗin yana da sa'a 4, an yanke masa mako 8, Lahadi zuwa Alhamis, awa 6 a rana, jimla awa 240. Naku yana iya bambanta. Abin da ba ya bambanta shi ne wannan: jami'a ba ta ba da sa'a don aiki, kwas take ba wa, kwas mai lamba da suna da malamin da ke riƙe da shi. Aikinka sai ya shiga cikin kwas kafin ya zama maki. Kuma ka lura, kwas mai sa'a 4 nauyinsa a mu'addal ɗinka, wato matsakaicin makinka, ya ninka na mai sa'a 2, don haka sakaci da shi yana jan sakamakon shekara ƙasa.

Saboda haka aikin farko ba a fili yake ba. Nemi la'ihar kwalejinku, wato kundin ƙa'idojinta, da bayanin kwas ɗin, wanda suke kira tausif. Idan musajjil, wato magatakardan kwaleji, bai turo maka ba, tambayi 'yan ajin da suka riga ku, lallai wani yana da shi a waya. Karanta shi da biro a hannu. Ka fitar da kwasa-kwasan da dole sai ka ci su kafin a yarda ka fita, da yawan makonni, da irin wuraren da aka amince a yi horon, da yadda ake raba maki. Mu an raba mana 30 ga mai kula da kai a fili, 20 ga daftarin aiki, 30 ga rahoto, 20 ga munaƙasha, wato jarrabawar baka a gaban malamai. Da na san wannan tun farko, da na gane cewa rabin makin yana hannun abubuwa biyu da ban tanada ba sam a karon farko, mai kula da daftari.

Kada ka ɗauka wannan sabon tsari ne da aka ƙirƙiro don wahalar da mu. Jami'ar Jazira da aka kafa a Wad Madani a 1975 ta yi suna ne da tura ɗaliban likitanci ƙauyuka su zauna da mutane, su gano matsalar gari, su rubuta, a ba su maki a kai. Ahfad ta Omdurman ma ta daɗe tana fita da ɗalibanta mata karkara a matsayin darasi. Fita fili a ƙasar nan karatu ne tun da daɗewa, kuma karatu yana da malami da jarrabawa.

Sai rajista. Ka yi rajistar kwas ɗin a zangon da za ka fita, ka biya abin da ake biya, ka ajiye shaidar. Idan ta Bankak, manhajar banki ta waya, ka tura, kada ka bar hoton rasit ɗin a waya kawai, ka buga shi a takarda. A Fabrairun 2024 da layukan waya suka ɗauke a yawancin ƙasar, mun ga yadda abin da ke cikin waya yake zama kamar babu. Ni yanzu duk wata takarda ina da ita uku: ta asali a cikin leda a akwatin Inna, kwafi a jakata, hoto a imel.

Yanzu wasiƙu, kuma a nan ne yawancinmu muke tuntuɓe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wasiƙa ta farko daga sashenku take fitowa, da sunanka cikakke kamar yadda yake a katin jami'a, da lambarka, da sunan kwas da lambarsa, da ranar farawa da ta gamawa, da abin da ake son ka koya. Da ita za ka je ma'aikatar lafiya ta jiha, ofishin da ke kula da horo. Su kuma su rubuta wa mahalliya, wato ƙaramar hukumar da za ka zauna, ko sashen gaggawa da yaƙi da annoba, ko cibiyar lafiya. Sannan, abin da mutane suke mantawa, wurin da ya karɓe ka ya rubuta wa jami'a amsa cewa ya karɓe ka, ya kuma ambaci sunan wanda zai kula da kai. Sai wannan amsar ta isa sashenku, an ce maka an gani, sannan ka fara ƙirga kwanaki. Duk ranar da ka yi aiki kafin nan, ladanta yana wurin Allah, amma ba ta cikin awa 240.

Wannan zagayen ya ci mini kwana goma sha ɗaya. Jami'a ta turo tata wasiƙar ta waya, na buga, ma'aikata suka ce suna son ganin hatimi a fili ba dishi-dishi ba, na koma na roƙi musajjil ya sake ɗauko ta da kyau. Ka je ofis da sassafe, ka gaisa yadda ya kamata, ka riƙe kwafi biyu, ka sa a buga maka hatimin karɓa a kan naka kwafin da kwanan wata. Idan an ce ka dawo gobe, tambayi sunan ofishin da takardar za ta kwana, don gobe ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Idan ƙungiyar agaji ce kake son yi a wurinta, tabbatar tana da rajista da hukumar agajin jin ƙai ta gwamnati, kuma sashenku ya amince da ita a rubuce. Hilal Ahmar, wato Red Crescent, da manyan ƙungiyoyi suna da ofis da hatimi, ba wuya. Inda abin yake min ciwo shi ne ɗakunan gaggawa na matasa da takaya (ɗaya takiyya), masu dafa abinci suna ciyar da unguwa. Su ne suka riƙe mutane a lokacin da komai ya rushe, a wurinsu na koyi rabin abin da na sani, amma yawancinsu ba su da takardar da jami'a za ta karɓa. Mafita ita ce kada ka bar su, amma ka rataya horonka a wuyan ofishin lafiya na mahalliya. Jami'in lafiya ya rubuta cewa ya tura ka duba tsabtar ruwa da abinci a takiyya kaza. Aikin ɗaya ne, mutanen ɗaya ne, sai dai yanzu akwai wanda ya tura ka.

Zaɓen mushrif, wato mai kula da kai a fili, shi ne abin da na fi so ka natsu a kai. Ka nemi jami'in lafiya mai digiri a fannin, wanda ke da rajista da majalisar ƙasa ta sana'o'in lafiya, domin sa hannun wanda bai kai wannan matsayin ba ana iya mayar da shi. Kuma kada ka ruɗu da babban muƙami. Babban darakta zai karɓe ka da fara'a, amma yana taro a Bur Sudan ko yana tare da baƙi, ba zai ga aikinka ba, ranar cike takardar maki sai ya rubuta abin da ya ga dama ko ya manta. Nawa mushrif ɗin dattijo ne, irin waɗanda iyayenmu ke kira dubagari, ya shekara sama da ashirin yana bin kasuwanni da mahauta da rijiyoyi. Babur gare shi, ba mota ba. Ranar farko na ba shi kwafin tausif ɗin, ya sa tabarau ya karanta har ƙarshe, ya ɗauki biro ya raba mini mako takwas ɗin: uku a ruwa da tsabtar muhalli, biyu a bin diddigin cuta da rajistar marasa lafiya, ɗaya a duba abinci, ɗaya a yaƙi da sauro da sauran ƙwari, ɗaya a rigakafin yara. Na ce masa ai kwalara ce ta dame mu, bari in zauna a ruwa. Ya ce, "Yaro, jami'a jami'in lafiya ta aiko in horar, ba mai zuba kulorin ba." Wannan rabon shi ya cece ni a munaƙasha, don tambayoyi biyu daga cikin biyar a kan ajiyar allurar rigakafi da sanyinta aka yi mini.

Sai daftari. Sayi littafi mai kauri, mai bango mai tauri, ka sa lambar shafi da hannunka daga farko har ƙarshe don kada a ce an cire ko an ƙara. Kowace rana shafinta: kwanan wata, lokacin zuwa da na tashi, wuri, abin da ka yi da hannunka, abin da ka gani kawai, adadi, matsalar da ta taso, abin da ka koya. Ka rubuta a ranar, kafin ka kwanta, ko da hasken waya ne. Mushrif ya sa hannu kowace Alhamis. Kada ka tara masa na wata guda, domin mutum ba zai tuna abin da ka yi ranar Talatar makonni uku da suka wuce ba, kuma mai gaskiya ba ya sa hannu a abin da bai tuna ba.

Bari in nuna maka bambancin shafi mai rai da mataccen shafi. Mataccen shi ne: "Mun je wurin ruwa, mun zuba kulorin, mun wayar da kan jama'a." Da irin wannan na fara, mushrif ya ja layi a kai ya ce in sake. Ga abin da ya faru a safiyar da gaske. Mun isa wurin ɗiban ruwa ƙarfe shida da rabi, masu karo sun yi layi da jakunansu, kowane da tankinsa na duro biyu da aka haɗa, kusan lita 400. Na haɗa ruwan uwa, wato ruwan kulorin da ake ɗiga wa sauran ruwa, mai ƙarfin kashi 1 cikin ɗari, gram 15 na garin kulorin mai ƙarfin kashi 70 a lita ɗaya. Na jera bokiti huɗu masu lita 20, na ɗiga musu da sirinji mil 2, 3, 4, 5. Muka jira minti 30 cif, don kulorin yana buƙatar wannan lokacin kafin ya gama aikinsa. Sannan na ɗebi ruwan kowane bokiti a 'yar kwalbar gwaji, na jefa ƙwayar DPD mai nuna yawan kulorin da ya rage, na girgiza, na ɗaga ta sama ina gwada ruwan hodar da ya fito da launukan da ke jikin kwalbar. Na farko fari fat, ruwan ya cinye kulorin ɗin duka. Na uku ya tsaya kusa da 1. Shi mushrif ya zaɓa, domin ruwan zai yi tafiya a rana, a juye shi a jarka, a juye a randa, kuma muna son ya isa gida bai sauka ƙasa da miligram 0.5 a lita ba. Mil 4 a lita 20, ke nan mil 80 a kowane karo. Na rubuta lissafin, na rubuta karo nawa muka yi, na rubuta guda nawa suka ƙi tsayawa. Da yamma na bi gida biyar na sake gwada ruwan randa, biyu daga ciki babu ko alamar launi.

Wannan shafin guda ya nuna ka iya haɗawa, ka iya gwadawa, ka iya lissafi, ka kuma koma ka duba ko aikinka ya yi amfani. Abin da malami ke nema ke nan. Kuma gidajen nan biyu su suka zama tushen rahotona.

Ga yadda aka yi. Bayan an kai hari Sinja, babban birnin jihar Sinnar, a ƙarshen Yunin 2024, mutane daga ƙauyukan Sinnar suka cika makarantun Gadarif, cikinsu har da Hausawa da yawa. A Agusta kwalara ta sake dawowa. A wata makaranta na tarar da wata tsohuwa tana zubar da ruwan da muka sa wa magani, tana aiken jikarta ta sayo wani. Abokin aikina ya yi mata bayani da Larabci, ta ce to, ta kau da kai. Na durƙusa na gaishe ta da Hausa. Ta dube ni sosai, ta ce, "Ɗan nan, kai namu ne?" Na ce, "Naku ne, Iya." Sai ta buɗe baki. Ta ce ruwan yana warin asibiti, yana ɓata mata shayi, kuma an ce mata yana hana 'yan mata haihuwa. Na zauna a bakin tabarmarta, na ɗebi ruwan a moɗa na sha a gabanta, na ce ta bar randar a rufe ta ɗan jima kafin ta sha, warin zai ragu, kuma ta ware moɗa ɗaya mai mariƙi wadda ba a sa hannu a ciki. Ta ce, "To ka dawo jibi in gani ko kana nan da ranka." Na dawo. Ta riƙe ruwan.

Da na ba mushrif labari ya ce in rubuta shi duka, ba sunanta, in kuma fara tambayar kowane gida da na shiga dalilin da ya sa suke karɓa ko ƙin ruwan. Ya ce harshen da nake da shi kayan aiki ne, in sa shi a rahoto a matsayin hanyar tattara bayani. Mu da kakanninmu suka taso daga ƙasar Hausa, wasu a hanyar hajji, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno a bakin kogi, mun saba ɗaukar Hausa a matsayin harshen cikin gida, Larabci na makaranta da ofis. A aikin nan ba haka ba ne. Tsohuwar da za ta ce wa baƙo "to" don kunya, kai za ta gaya maka gaskiyar abin da ke ranta. Idan an ba ka zaɓin wurin horo, kada ka guji unguwanninmu da ƙauyukanmu. Ƙannena mata kuwa, ku kun fi mu dama, domin akwai ɗakin da namiji ba zai taɓa shiga ba, kuma a can randar take.

Makonnin bin diddigi ba su da daɗin labari amma suna da maki. Za a ba ka jerin marasa lafiya, kowane mutum layi ɗaya: shekaru, jinsi, unguwa, ranar da ciwon ya fara, inda yake samun ruwa, yadda ya ƙare. Ka koyi ma'anar wanda ake zargi da kwalara a inda an riga an sanar da annoba, wato mai gudawa kamar ruwa sau uku ko fiye a cikin awa 24. Ka koyi fitar da kason waɗanda suka rasu daga cikin waɗanda suka kamu, ka san cewa idan magani yana isa a kan lokaci bai kamata ya kai kashi 1 cikin ɗari ba. Ka zana taswirar unguwa da hannu ka ɗiga kowane gida. A makon ƙwari kuma, tunda Gadarif ce, ka roƙi a kai ka inda ake kula da kala-azar, cutar zazzaɓi mai kumbura saifa, ka ga yadda ɗan mitsitsin ƙwaron da ke yaɗa ta yake son baƙar laka mai tsagewa da dajin talha da aduwa, inda manomanmu ke kwana a gona.

Ka san iyakarka. Ɗalibin lafiyar al'umma ba ya ɗaura ƙarin ruwa, ba ya rubuta magani, ko da an matsa masa, ko da ma'aikata sun yi ƙaranci. Naka shi ne ruwan wanke hannu mai kashi 0.05 a ƙofa, mai kashi 0.2 na ƙasa da gadaje, mai kashi 2 na amai da bahaya da gawa, da tabbatar da cewa ba a rikita su ba. Kada ka ɗauki hoton fuskar mara lafiya, kada sunan kowa ya shiga daftarinka ko rahotonka, kada ka fitar da jerin ma'aikata daga ofis sai da izini a rubuce. Wasiƙar turawarka da katin jami'a su kasance a aljihunka kullum, saboda shingayen bincike a hanya.

Rahoto ka fara shi tun mako na uku. Shafukan farko na bayanin wuri da tsarin ofis ka taƙaita su, kowa yana rubuta irinsu. Ƙarfinka ka zuba shi a matsala ɗaya da ka gani da idonka, ka auna, ka gwada wani abu a kanta, ka sake aunawa. Tawa ita ce me ya sa kulorin yake ɓacewa tsakanin karo da randa. Ka faɗi abin da bai yi nasara ba ma, malamai sun fi yarda da rahoton da ke da irin wannan. Mushrif ya karanta kafin ka tura, domin shi zai kama kuskuren da zai kunyata ka.

A ranar ƙarshe kana buƙatar abu uku daga wurin horon: takardar makin mushrif, wadda shi zai tura wa sashe kai tsaye ko ya ba ka a rufe da hatimi a bakin ambulan, da takardar kammalawa mai ɗauke da ranakun farawa da gamawa da jimlar awoyi, da sa hannu na ƙarshe a daftari. Kada ka bar garin ko ka ce za ka dawo daga baya. A wannan zamanin ana sauya wa ma'aikaci wuri cikin dare ɗaya, layinsa ya daina shiga.

Bayan munaƙasha ma ba ka gama ba. Sai majalisar kwaleji ta zauna ta amince da sakamako, musajjil ya shigar. Nemi ganin shahadar tafasil ɗinka, wato takardar sakamako dalla-dalla, ka duba sunan kwas, lambarsa, yawan sa'o'insa da makin. Nawa da farko an rubuta masa sa'a 2 maimakon 4, kuskuren bugu ne, amma da ban duba ba da haka zai tafi. Na tura hoton tausif da na rasit, aka gyara cikin mako guda.

Wanda ya riga ya yi aiki ba wasiƙa, kamar yadda na yi, kada ya yar da shi. Koma wurin yanzu, tun waɗanda suka san ka suna nan, su rubuta maka shaida mai ranaku da awoyi da ayyukan da ka yi dalla-dalla, da sa hannu da hatimi. Ka haɗa da takardar istirham, wato ta neman alfarma, zuwa ga shugaban sashe, ka roƙi a duba ko za a rage maka wani ɓangare na makonnin. Hukuncin na majalisa ne, tana iya karɓa tana iya ƙi. Ni an ƙi, amma takardar ita ta sa aka ɗauke ni aikin wucin gadi daga baya.

'Yan'uwanmu na Najeriya da Nijar da suka yi karatu a Jami'ar Afirka da sauran jami'o'in Hartum, waɗanda aka kwashe ta iyakar Masar da Bur Sudan a 2023, ku ma wannan ya shafe ku. Idan har yanzu kuna tare da jami'arku ta Sudan ta intanet, kuna iya roƙon a tura wasiƙar horon zuwa ma'aikatar lafiya ta jiharku a Kano ko Damagaram, muddin sashe ya amince kafin ku fara. Idan kuwa kun koma wata jami'ar, shahadar tafasil kaɗai ba ta isa ba, ku haɗa da tausif na kowane kwas, domin da shi sabuwar jami'a take gwada abin da kuka yi da nata. Takardun da za su fita waje ana kai su ma'aikatar ilimi mai zurfi da ta harkokin waje a tabbatar da su.

Makon jiya ɗiyar ƙanwar Inna, wadda ke aji uku, ta zo da wayarta tana nuna mini hotunanta a wani sansani, wata biyu ke nan tana zuwa. Na tambaye ta wasiƙarta. Ta ce, "Yaya, wace wasiƙa?" Na ɗauko ledar daga akwatin Inna, na baje mata takardun a kan tabarma bi da bi, ta ɗauki hoton kowace. A daren muka rubuta wa shugaban sashensu, ranar Lahadi kuma zan raka ta wurin dattijon nan mai babur.